Darakta a Gidan Haya

Wani ne fa, Allah ya jarabce shi da son yin fim. Ba na soyayya ba, fim ɗin gaskiya, wanda ake nuna wahalar talaka duniya ta gani. Bawan Allah ya sayar da firijin matarsa, ya sayo tsohuwar kyamara, ya karkata hula, ya ce daga yau a riƙa ce masa darakta.

Matar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To darakta, ko fim ko firiji. In ba ka shigo da ɗaya ba, kai ma ka tsaya a waje."

Ya yi ta yawo har ya samu wani gidan haya, irin wanda in ka shiga sai ka yi wa mutanen ciki jaje. Famfo ya bushe, rufi na yoyo, matakalar bene sai da addu'a ake hawanta. Gogan naka ya washe baki ya ce, "Madalla, wannan wahala ta yi kyau. Gobe zan zo da kyamara, kowa ya shirya."

Ai kuwa kowa ya shirya.

Da safe ya fara da ɗakin wata tsohuwa. Ya tarar an share, an aro labule, an shimfiɗa darduma. Tsohuwa ta ci ado, ta sha kwalli, ta jera jikoki kamar za a ɗauki hoton makaranta.

Ya ce, "Iya, ina wahalar da na gani jiya?"

Ta ce, "Na tura ta ƙarƙashin gado. So kake dangin mijina su gan ni a talabijin cikin tsumma?"

"To ki faɗa wa duniya halin da kuke ciki."

Ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi kyamara. "Lafiya lau muke, sai godiya. Ina gaida ƙanwata da mijinta, da mai ɗinkin da ya yi min wannan rigar."

Ya ce ba komai, famfo ba ya kwalliya. Ashe labarin kyamara ya kai kunnen mai gidan. Darakta ya durƙusa, ya saita busasshen famfo, ya murɗa don duniya ta shaida. Ruwa ya feso masa a fuska. Ya ɗaga kyamara sama zai ɗauki rufi, sai ya ga kafinta a kai yana ɗaga masa hannu. Ya ruga wajen matakala, ya tarar siminti ko bushewa bai yi ba.

Wallahi har tausayi ya ba ni. Ya tafi wajen mai gida kamar zai yi kuka.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Ka ɗan ci gaba da zaluntarsu zuwa jibi, in gama aikina."

Mai gida ya saci kallon kyamara, ya gyara wuyan riga. "Ni? Zalunci? Ai 'yan hayan nan 'ya'yana ne. Kai kafinta, a sa musu sabuwar ƙofa."

To su 'yan haya ba wawaye ba ne. Nan take suka gane karatun. Wani tela a cikinsu ya kama hannun darakta na dama, mai wanki ya kama na hagu.

"Darakta, zo ka nuna tagata."

Aka sa gilashi.

"Darakta, wayar wutarmu."

Aka kira mai gyaran wuta.

Haka suka yi ta jan sa ɗaki ɗaki, mai gida na biye da su yana zufa yana ba da umarni. Rana ta take, hula ta faɗi, kafaɗa ta sage, ko wahala ɗaya bai kama ba. Can ya duba kyamara, ya ga ta yi ɗif. Ya matsa kusa da tsohuwar nan, ya raɗa mata.

"Iya, ku sake ni. Batir ya mutu tun ɗazu, ba abin da take ɗauka. Aurena ne fa zai mutu."

Tsohuwa ta waiga ta ga mai gida na tahowa. Ta tallafo gwiwar hannunsa ta ɗaga kyamarar sama.

"Yi shiru ka riƙe ta da kyau, ɗan nan. Saura banɗaki."