Littafin Arba'in Ɗin Gunarso

Duk garin Solo babu mai tsara aiki kamar Pak Danang Wisnubroto (Pak shi ne Malam a harshen can). Mai shakka ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Shi ne mai ɗan kamfanin zane da ɗab'i da ke saman shagon gyaran babura, amma a ƙofarsa Jagoran Fasaha aka rubuta, da ruwan zinare. Ma'aikatansa kuwa Sarkin Allo suke ce masa, idan ya sauka cin abinci.

Allon a cikin kwamfuta yake. Wata manhaja ce mai yanka kowane aiki gutsi-gutsi ta liƙa shi a kati. Kati kore yana kan hanya, ja ya makara. Pak Danang ko ƙwai bai iya zanawa ba, amma wajen jan kati daga hagu zuwa dama, yatsansa ba shi da na biyu.

"Ni ba na kallon suna," yakan ce, yana gyara wuyan rigarsa ta batik. "Launi nake kallo. Shugaban zamani da tsari yake hulɗa, ba da mutum ba."

Saboda zurfin hikimarsa ya hana kowa ganin katin wani, kada a yi gulma. Ya hana maganar aiki da baki, sai ta kati. Ya ma koya wa manhajar rabon aiki da kanta: shirya shafuka ya tafi wurin Ratih, duk abin da aka ambaci zane a cikinsa ya wuce kai tsaye wurin Gunarso.

Gunarso namu. Siriri, mai dariya da kafaɗa, kullum da tawada a gefen ɗan yatsa. Soyayyen tempe ɗaya, irin awarar can ta waken soya, sai ya raba shi da kai, ya ba ka ɓarin da ya fi girma. Kati bai taɓa yin ja a hannunsa ba, shi ya sa Pak Danang ya yi imani manhajar ce ke yin aikin. Wata safiya zuciyar Gunarso ta tsaya yana ɗaura takalmi. Har yau kofin shayinsa yana bakin taga, babu wanda ya iya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Ranar jana'iza Pak Danang ya tsaya gaban matar marigayin, Mbak Sumini, wato Yaya Sumini, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Littafin Yasin na addu'ar arba'in, ki cire shi daga ranki. Ni da kaina zan jagorance shi. Ba irin na kasuwa mai hoto dishi-dishi ba. Fuskarsa za a zana da hannu a bango. Duk wanda ya buɗe kwandon shinkafar sadakar da aka ba shi a gida ya gan shi a ciki, sai ya tambayi wa ya yi."

Ta sunkuyar da kai ta gode. Abu ɗaya ke nan da ta so: mutane su koma gida da fuskar mijinta, su riƙa karanta masa.

Washegari aka yi zaman rubuta takardar bayanin aiki.

"Su wa muke son saƙon ya kai gare su?" in ji Pak Danang.

"Masu ta'aziyya, Pak," Ratih ta ce.

"Wane irin ji muke son mu tayar musu?"

"Kuka, Pak. Ai sun riga mu farawa."

"Madalla. Kasuwa a shirye take."

Ya tara littattafan arba'in na mamatan unguwa don nazarin abokan hamayya. Ya yi mako yana zaɓe tsakanin kore mai haƙuri da kore mai tawakkali. Takardar ta fi littafin da za a buga kauri. Daga nan ya zuba ta cikin manhaja, ta yanka ta raba, ya jingina da kujera kamar wanda ya gama noman shekara.

Katin zanen bango ya yi ja.

Aikin Ratih a kulle yake sai bango ya fito, don haka ta leƙa ofishinsa. "Pak, wai bangon nan wa zai..."

"Mbak Ratih, wannan a baki na ji ko a kati?"

Ta koma ta rubuta tambayar a kati. Da yake akwai maganar zane a ciki, manhajar ta aika ta inda take aika zane. Shi ma katin ya yi ja.

Pak Danang ba ya wasa da ja. Ya danna tunatarwa, bai kalli suna ba. Ya sake dannawa. Da shiru ya yi yawa sai ya fara rubutu da kansa. "Malam, ina jiran aikinka." Bayan kwanaki: "Shirunka ya fara zama raini." Ana gab da ranar ya rubuta wanda ya fi alfahari da shi, har ya karanta wa ofis: "In ba ka jin kunyata, ka ji kunyar mamacin mana."

Ranar arba'in aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Kwandunan shinkafa sun jeru, babu littafi ko ɗaya. Maƙwabta suka ruga gida suka kwaso tsofaffin da suke da su. Haka aka karanta wa Gunarso Yasin, kowa riƙe da fuskar wani mamacin daban. Da yana nan da ya fi kowa dariya. Mbak Sumini dai ba ta yi ba.

Ana shafawa Pak Danang ya miƙe, ba wanda ya gayyace shi.

"Jama'a, tsari bai gaza ba. Tsari ba ya gazawa. Wani marar kishi ne a cikin ma'aikatana ya riƙe aikin. Gobe zan duba sunansa, kuma wallahi ya bar kamfanina ke nan."

Mbak Sumini ta shiga ɗaki ta fito da wata waya mai fasasshen gilashi. Ta Gunarso ce. Kullum tana yi mata caji saboda muryarsa da ke ciki. Saƙonnin duk ta gani tun na farko, nauyin babban mutum ne ya hana ta tambaya. Ta ɗauka wata sabuwar hanyar juyayi ce ta 'yan boko.

Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Pak, don Allah kada ka kore shi. Saƙonka yana zuwa, ni ce ban san yadda zan kai masa ba. Tun da yake tare da kai bai taɓa makara ba, sai wannan karon."

Liman ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin tabarma. Ratih ta cusa gyale a baki tana danne dariya, hawaye na zuba.

A karon farko Pak Danang ya kalli suna. Yana cikin kallo wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa. Manhajarsa ce, tana tambayar Gunarso ko yana bukatar taimakon shugabansa.