Rasuwar Giwa, Mai Riƙe Wutar Gidan Gwaji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Injiniya, mai kula da na'urorin gidan gwajin jinin nan da ke saman shagon tayoyi, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon gwajinsa a kan lokaci, rasuwar abokiyar aikinsa Giwa. Ta cika da hantsin ranar Talata a ɗakin na'urori, bayan jinyar da kowa ya ji da kunnensa amma aka yi ta cewa gobe.

Ya so ya rubuta sanarwar da kansa. Sai dai hannunsa na dama yana naɗe a gadon asibiti, likitoci na shiga suna fita, har yanzu ba su ce za a bar masa shi ko ba za a bari ba. Da hannun nan yake fere waya, da shi yake murɗa noti a lungun da ido ba ya kaiwa, da shi yake ciyar da mace da yara. Don haka yana kwance yana faɗa, ana rubutawa, in ya yi shiru a jira shi.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ita ce akwatin batir ɗin nan da masu sana'ar ke kira yufiyes, mai riƙe wa na'urori wuta idan an ɗauke, har janareta ya gama tarinsa ya tashi. Baƙa ce, mai faɗi, ba ta da wani tsayi. Wanda ya gan ta a ajiye zai ce da hannu ɗaya zai sungume ta. Direban gidan ne ya raɗa mata suna ranar da suka hau da ita bene shi da Injiniya, suna nishi suna hutawa a kowace kwana. Da suka dire ta ya dafe ƙugu ya ce, "Injiniya, wannan ai giwa aka yanka aka cusa a akwati." Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa yau ba ta jin daɗi ba sai da ciwo ya ci ƙarfinta. In wuta ta ɗauke, sai a ji ƙas daga cikinta, sannan ɗit, ta yi shiru, ɗit, a hankali, ba gaggawa. Ma'aikata sun san muryar nan har ba sa ɗaga kai daga aiki. Akwai ranar da aka kawo jinin wata mai naƙuda da ake jira a shiga da ita tiyata, na'ura na tsakiyar aiki wuta ta tafi, janareta kuma ya ce bai san zancen ba. Giwa ce ta riƙe gidan ita kaɗai har takarda ta fito. Mijin matar ya yi wa kowa godiya har da mai gadi, bai san da wadda ke ɗakin baya tana huci ba. Injiniya ne ya shiga ya shafa mata gefe. Yana son ta, ba ya kuma ɓoyewa, har matarsa kan ce in an rasa shi a duba wajen baƙar nan.

Mazauninta kabad ne na ƙarfe, dogo, mai hawa-hawa, irin wanda ake jera na'urori a ciki. A al'adar irinsu, mai nauyi a ƙasa take zama, sauran su hau samanta. Har zanen hakan akwai a jikin kwalinta, an kuma gani. Amma gidan gwajin yana da tasa al'adar. Inna mai goge-goge ba ta yarda da tsumma mai ɗan danshi ba. Ita wanke ƙasa a wurinta shi ne a sheƙa bokiti guda, ruwa ya bi ta ƙarƙashin kowace ƙofa, sannan a bi shi da tsintsiya. Ranar da za a ɗaura Giwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku ɗaga ta sama, 'ya'yana. Ni ban iya wanki da tsoro ba."

Madam, mai gidan gwajin, ta goyi bayanta. Ta ce, "Abin da ya fi komai daraja a ɗakin nan ba zai zauna a ƙasa yana shan ruwan Inna ba. Ku sa ta inda zan hango fitilarta daga ƙofa."

Injiniya bai yi musu ba, don shi ma abin ya yi masa. A hawan sama korayen fitilunta na daidai da idonsa, ba sai ya durƙusa ba in zai gaishe ta da safe. Haka suka ɗaga ta da batiranta a ciki, jijiyoyin wuyan Direba duk sun fito, suka zura ta a kan ƙarafan zamiya suka ɗaure. Shi kuwa kabad ɗin, da ya kamata a kafe ƙafafunsa a siminti, sai aka bar shi a kan tayoyinsa don Inna ta riƙa turawa tana wanke bayansa. Hawan ƙasa ya zauna fayau, aka mai da shi ma'ajiyar lema da takalman ma'aikata. Ba wanda ya yi da mugunta. Kowa girmama ta ya yi, aka kuma yi shekaru a haka lafiya lau, har aka manta da cewa akwai abin tsoro.

Ciwon ajali ya fara mata a hankali. Jikinta ya riƙa zafi ko da na'urar sanyi na aiki. Ta koma kuka da wuta ma, ɗit-ɗit-ɗit a jere, fitila ɗaya ta juye ja. In an ɗauke wuta, ita da ke riƙe gida har a sha shayi a gama, sai ta saki kafin mutum ya kai ga janareta. Batiran cikinta sun kumbura. Aka yi odar sababbi, suka iso, suna jingine a bango cikin kwali.

Ranar Talata Direba zai fita kai saƙo, ya leƙo ya ce, "Ka jira ni fa, Injiniya. Yanzun nan zan dawo mu kama tare."

Ya ce to. Ya kuma yi niyyar jira. Amma tana ta kuka a kansa, shi kuma bai iya zama ana kuka ba. Ya ce bari dai ya buɗe ya duba kafin Direba ya dawo. Ya kashe ta, ya zare wayoyi, ya kwance murfin gaba. Batiran da suka kumbura suka cije, suka ƙi fitowa. Sai ya kwance notinan gaba ya janyo ta waje a kan ƙarafanta, kamar yadda ake jan aljihun tebur, don ya samu wurin kamawa. Ya ja kaɗan, bai isa ba. Ya ƙara ja har ƙarshe.

Duk nauyin kabad ɗin ya dawo gaba, a sama, ƙasa kuma babu komai sai lema da takalma. Tayoyin baya suka ɗaga. Kabad ɗin ya sunkuyo a hankali, har mutum zai iya ja da baya sau biyu ya tsira. Duk mai hankali abin da zai yi ke nan. Injiniya hannu ya miƙa ya tare ta. Ta zo da shi har ƙasa, bakin ƙarfenta ya sauka a kan hannun, kabad ya biyo bayanta. Duk da an kashe ta, maganarta ta ƙarshe doguwa ce, ɗiiii, ba yankewa, har ta shaƙe ta yi shiru. Inna ce ta fara shigowa, ihunta ya tara masu shagon tayoyi, su suka ɗaga da ƙarfen cire taya.

A asibiti matarsa ta zauna a gefen gado ta kalli naɗin ta kalle shi. Ta yi ta daurewa har ta kasa. Ta ce, "Ƙarfe ne fa, Baban yara. Ƙarfe! Me ya sa ba ka bar shi ya faɗi ba?"

Ya ce, "Gani na yi tana faɗuwa."

Ta gyara masa filo ta fita waje ta yi kukanta.

Marigayiya ta rasu ta bar babbar kwamfutar gidan da ke cikin kabad ɗin, wadda ta fito daga hatsarin da lanƙwasasshen gefe amma da ranta. Ta bar na'urar gwajin jini, da firinta mai yawan ƙorafi, da maƙwabcinta janareta, wanda sai yanzu aka san ashe ita ke rufa masa asiri. Ta bar sababbin batira a kwalinsu, ko ganin juna ba su yi ba. Cikin mutane ta bar Direba, da ke ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa da ya sani da bai fita ba, da Madam, wadda ta daina kallon ɗakin in za ta wuce. Inna kuwa tun ranar ba ta ƙara sheƙa ruwa ba. Da ɗan tsumma take bin ƙasa a durƙushe, ba wanda ya ce ta yi hakan, ba kuma wanda ya iya hana ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a harabar gidan gwajin. Ba za a yi mata wanka ba, kuma ana roƙon kada kowa ya taɓa cikinta, don irinsu ko sun mutu da sauran wuta a jikinsu. Za a fara cire batiran, a naɗe bakinsu da salatif, sannan maza huɗu su sauko da ita, kowa ya durƙusa ya ɗaga da gwiwa. Ba a yarda mutum ɗaya ya gwada ƙarfinsa ba. Ba za a binne ta ba, ba kuma za a jefar da ita a bola ba, masu karɓar tsofaffin batira za su zo da mota su tafi da ita. Magajiyarta za ta tare bayan an kafe kabad a siminti, a hawan ƙasa, ba batir a cikinta sai ta zauna daram. Injiniya ya ce a rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Ana cikin rubuta wannan sashe babban likita ya shigo da hotunan ƙashi, ya nemi a ba su wuri, aka ba su. Bai daɗe ba ya fito. Ba za a bar masa hannun ba.

Za a karɓi gaisuwa a gidan Injiniya bayan an sallamo shi. Iyalinsa na roƙon masu zuwa ta'aziyya, manya da ƙanana, kada kowa ya ɗauka raini ne in Injiniya ya miƙo masa hagu.