Rasuwar Sarƙar Babur Ɗina a Tsakanin Shinge Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa da har yanzu ke ƙarnin kitse, ni Dalhatu ɗan acaba na tashar Magama nake sanar da rasuwar sarƙar babur ɗina, wadda ta tsinke ranar Lahadi da rana tsaka, bayan mun wuce shingen Najeriya, ba mu kai na Nijar ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta yi shekaru tana jan buhunan gero da fasinja uku-uku tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ba ta taɓa ganin giris na kanti ba, ba ta kuma tambaya ba. Baƙin man injin niƙa ta sha. Ta sha man da Inna ta gama suyar ƙosai da shi, kwana biyu tururuwa na zuwa mata ziyara. Iyakar ƙorafinta shi ne “ƙiii, ƙiii” in mun shiga yashi, ni kuma sai in ƙara mata basilin.

Ciwon ajalinta ya fara ne bayan babbar sallah, lokacin da aminina Imrana, babban likitan sarƙoƙi, ya rantse mini cewa babu abin da ya kai kitsen rago. Na narka, na shafe ta tas. Ta kwashi yashin Gangara kaf ta riƙe, karnukan Daddara kuma suka san mu.

A ranar da ta cika, na ɗauko Malam Rabe, mahaifin Zulfa da nake nema, zan kai shi suna Maraɗi don ya ga irin natsuwata. Karnuka suka biyo mu. Na murɗa wuta. Marigayiya ta ce “ƙarrr… tas!”, ta tafi da gefen babbar rigar Malam. Dattijo ya sauka a kan gwiwa, jandarmomin Nijar na hange suna riƙe ciki don dariya.

Cikin ikon Allah sai ga Imrana a kan babur ɗinsa, babu fasinja, sarƙarsa na sheƙi da giris na kanti. Shi ya ƙarasa da Malam. Tun ranar Zulfa ba ta ƙara ɗaga wayata ba, kuma abin ya ci ni ƙwarai.

Ta rasu ta bar faifai biyu masu haƙora, duka giɓi, da taya mai faci tara, da rabin kwanon kitse.

Za a wanke ta da kalanzir a rumfar Sadisu makanike, wankanta na farko ke nan a duniya. Za a rufe ta bayan tasha ranar Asabar da hantsi. An matso da lokacin ne domin masu son halartar ɗaurin auren Imrana da Zulfa su samu dama. Ango ya aiko da gwangwanin giris na ta’aziyya, mun gode. Masu zuwa gaisuwa su zo da ƙafa, ni ma haka nake yawo.