Yadda Ake Jinyar Baba a Idon Dangi

Malamin da ya koya mana Turanci ya ce Bature yana da wata kalma guda: da ita yake halartar wuri, da ita yake sauraron magana, da ita yake kula da majinyaci. Ɗora wa kalma wahala ce kawai. Kai ma'anar farko ta ishe ka. Baba yana kwance a asibiti, Yaya ce ke kwana a tabarma gefen gadonsa, kai kuma so kake dangi su ce Auta ne ɗan albarka. Bi matakan nan. In ba su faɗa ba, ka zo ka tuhume ni.

1. San lokacin zuwa

Zuwan da ba a gani ba asarar man mota ne. Bugo wa Yaya: "Ya mai jiki? Su wa za su leƙo yau?" In ta ce Kawu, wanda bakinsa ke kai labari kowane gida, to ajiye komai. Ka riga shi isa da kaɗan, ka ɓalle maɓallin wuya, ka murza idanu su yi ja.

2. Kada ka shiga hannu rabbana

Lemo da ayaba, a leda mai shara-shara yadda za a gani daga nesa. Likita ya hana Baba zaƙi? Wa ya ce maka don shi ka saya?

3. Kama wajen kai

Wajen ƙafa na Yaya ne, can ake fama da zanin gado. Da ka ji sallamar Kawu, gyara filo ko da daidai yake. Tare nas ka ce, "Sista, ruwan nan bai cika saurin ɗiga ba?" Ba dole sai ka ji amsarta ba. Kawu ya riga ya ji tambayar.

4. Hoto

Riƙe hannun Baba, ka sunkuyar da kai, ka tura wa dangi da "a taya mu da addu'a". In gwiwar hannun Yaya ta fito a gefe tana matse tsumma, yanke ta. Mai aikin lada ba ya son riya, taimakonta ka yi.

5. In aka jawo fo daga ƙarƙashin gado

Nan ake gane gwani. Kanga waya a kunne tun ba ta yi ƙara ba: "Ranka ya daɗe, ina asibiti ne wallahi." Fita baranda, kada ka dawo sai ka ji an buɗe taga. Yaya za ta ce, "Auta, ko ɗaga min shi ka yi mana, bayana ya ƙage." Nuna mata wayar, ka yi fuskar tausayi. Haushi za ta ji, amma ba za ta tona ka gaban baƙi ba, ita ta goya ka.

6. Saurare

Baba zai yi magana a hankali, da hutawa tsakani. "Haka ne, Baba" tana shiga ko'ina.

7. In lissafi ya ƙwace

Wata rana za ka iso da ledarka ka tarar ba kowa, Yaya ta sauka karɓo magani. Baba zai buɗe ido, ya dube ka, ya dubi ƙofa. Ba faɗa zai yi ba, da ma faɗan ne da sauƙi. Cewa zai yi, "Auta, Kawunka ya fasa zuwa. Koma wajen aikinka, ka dawo gobe in sun taru."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da alhakin tsayuwar da za ka yi a lokacin ka rasa inda za ka sa idonka. Ni wurin tsayawa na koya maka. Abin da za ka ce wa mahaifinka ba ya cikin manhaja.