Ritayar Mai Ƙafa Uku

Garin Kaura Namoda ya yi sa'a da Allah Ya ba shi Injiniya Shamsuddeen. Kwana goma sha ɗaya cur ya yi a Kaduna yana kwas, ya dawo da takardar shaida ɗaya, ya yi mata hoto bakwai, ya manna huɗu a shagonsa, uku a gida. Masu gyaran rediyo da amfilifaya na bakin tasha suka laƙaba masa Farfesan Gobe, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Babban abin da ya gano a Kaduna shi ne tiransisto ya mutu. Ba kowanne ba, tsohon nan na gargajiya da Turawa ke kira baifola, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Duniya, in ji shi, ta koma kan aisi, ɗan guntun falle ɗaya mai ɗauke da dubban kaya a ciki. Ya faɗi haka a Kasuwar Daji, ya faɗa a Shinkafi, ya faɗa a wani ɗaurin aure a Zurmi, inda ango ya tsaya minti ashirin yana jiran a bar shi ya gaisa da mutane.

Sai ga zaɓen shugaban ƙungiyar masu gyara, su ashirin da bakwai, daidai lokacin da za a raba sababbin shaguna goma sha biyu a bakin tasha. Farfesa ya tsaya takara da alkawari ɗaya: idan ya hau, duk mai aiki da mai ƙafa uku ba zai shiga sabon shago ba. Kowa ya san da wa yake. Malam Nasidi, abokin takararsa, shekara talatin da huɗu ke nan yana ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo, kuma ba ya da dukiyar da ta wuce gwangwanayen madara cike da tiransisto.

Farfesa bai yarda da ɗaga hannu ba, wannan aikin jiya ne. Ya kawo kwali, ya rubuta masa “Sun Yi Ritaya”, ya ce shi ne akwatin zaɓe: mai son ci gaba ya zuba tsofaffin kayansa a ciki, wanda ya bar nasa a kwalin har a tashi taro ya zaɓi Farfesa ke nan. Tsoron rasa shago ya sa mutane suka yi ta zubawa. Don kwali ya ƙara nauyi, da hannunsa ya kwance tsohuwar amfilifayar ƙungiya, ya cire mata manya biyu ya jefa. Ya ƙirga sau uku: ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ranar taro ya zo da babbar riga, da biro uku a aljihu, da sabuwar amfilifaya ƙarama kamar sabulun wanki.

“’Yan uwa,” in ji shi, “a yau muna sallamar wani tsoho da ya yi wa kakanninmu hidima. Nan da shekara biyar, ko a gidan tarihi sai an yi layi kafin a gan shi. Ni da na je na gani…”

Nan janareta ya yi tari, ya ja numfashi, ya turo wuta fiye da kima. Sabulun wanki ya yi ɗan hayaƙi mai ladabi, ya yi shiru. Farfesa ya ci gaba da motsa baki, amma ƙarar babura ta tasha ta cinye kowace kalma. Ya buɗe sabuwar amfilifayar, ya dubi aisin da ya ƙone, ya bayyana wa na kusa da shi cewa wannan ƙaramar matsala ce, za a aiko da wani daga Kano cikin kwana shida.

Sai Malam Nasidi ya miƙe. Ya jawo tsohuwar amfilifayar ƙungiya, ya zo gaban kwalin ya tsuguna.

“Ranka shi daɗe, a ba ni aron ’yan ritaya biyu.”

Ya tona ya zaƙulo manyan nan biyu, ya hure musu ƙura, ya taɓa ƙafafunsu da mitar gwaji, ya narka dalma ya liƙa su inda aka ciro su. Minti tara. Ya ƙwanƙwasa makirfo, sautin ya kai har layin masu shayi. Sannan ya miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

“Ci gaba, Injiniya. Ka tsaya inda kac ce ya mutu.”

Da wani mai rauni ne, da ya zauna. Farfesa ba mai rauni ba ne. Ya karɓa, ya ƙara minti arba’in yana tabbatar da mutuwar mai ƙafa uku, kuma ba a taɓa jin muryarsa tangaran irin ta ranar ba. Har yanzu akwai direbobin hanyar garin Banga da za su iya maimaita jawabin.

Abin da bai lura da shi ba, saboda idonsa na kan gobe, shi ne ’yan ƙungiya suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsuguna gaban kwalin, ya ɗebi nasa, ya gwada da mitar Malam Nasidi, ya zuba aljihu. Da ya rufe jawabi da addu’a, sai ya umarci Sadiq, magatakardan ƙungiya, ya ƙirga ƙuri’unsa a gaban jama’a.

Sadiq ya zazzage kwalin a kan tebur. Guda tara suka faɗo, waɗanda Farfesa ya kawo daga shagonsa. Sadiq mutum ne mai bin ƙa’ida, don haka ya gwada su ɗaya ɗaya, sannan ya ɗauki makirfon ya karanta sakamako: Malam Nasidi shi ne shugaba, kuma shi zai raba shaguna. Injiniya Shamsuddeen yana da magoya baya tara, dukansu ƙonannu.