Digiri Biyu Sun Yi Ajalin Sarkin Gangara

Da zuciya cike da baƙin ciki, da gwiwa naɗe da bandeji, Samson na Kakuri, ɗan asalin Filato, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na hawan dutse, wanda aka fi sani da Sarkin Gangara. Ya cika ranar Asabar a tsakar gida, bayan gajeruwar jinya da mai shi ya jawo masa.

Marigayin ɗan gwanjo ne, amma mai tarbiyya. Shekara da shekaru yana kai Samson aiki Rido ya dawo da shi, bai taɓa sanin layin gidan mai ba. Ko rami ya faɗa, iyakar ƙorafinsa ƙiris-ƙiris. Abu ɗaya ne bai samu ba a duniya: ana ce masa keken dutse, alhali tsakuwar titi kaɗai ya taɓa takawa.

Wannan ya tsaya wa Samson a rai, har ya cika baki gaban ƙannensa cewa Kirsimetin bana a kan keke zai gangaro daga tudun ƙauyensu. Sai ya gani a waya ana tallar wasu kofuna da ake cusawa a wuyan keke. Suna karkatar da wuyan digiri biyu, tayar gaba ta ƙara miƙewa, keke ya natsu a gangara. Digiri biyu! Samson da ya tsaya a difloma ya ga ko shi bai samu ba, ai kekensa ya samu.

An yi tiyatar da guduma da guntun katako. Likitan, wato Samson, ya sa kofunan a juye, gaba a baya. Maimakon taya ta miƙe, sai ta noƙe ciki kamar kare ya ga sanda. A gwajin farko kan keken ya juya tun ba a juya shi ba, likita da majinyaci suka tsinci kansu a wata kwata a Makera. Aka koma tiyata ta biyu don ciro kofunan. Ana cikin bugu marigayin ya ce ƙas! Wuya ya tsage. Bai ƙara cewa komai ba.

Ya bar tayoyi biyu, da sarƙa, da ƙararrawar da ta yi tsit tun ranar, da kofunan nan da ko ƙwarzane ba su yi ba. Ya kuma bar Samson, wanda kewa da kunya suka haɗu suka yi masa yawa.

Za a ɗauki gawa ranar Litinin zuwa wajen masu narka alminiyom. Uwargida Vivian, wadda tun farko ta roƙi a ƙyale keken yadda yake, ta nemi a ƙera mata tukunyar shinkafar Kirsimeti da shi, kuma da tukunyar za a tafi ƙauye. Saboda haka a shaida wa ƙannen Samson alkawari yana nan. Marigayin zai je Filato, kuma zai hau duwatsu, guda uku, na murhu.

Masu ta'aziyya su zo da kwanonsu.