Digiri Huɗu

A bakin Kaka na fara jin sunansa, ranar da ta dawo Paikon Kore daga ganin ɗakin Anti Murja, ƙanwar mamata. Ta ajiye jaka ta ce, "Murja ta samu miji, sunansa Manniru. Har ruwan alwalarsa aunawa yake." Muka ɗauka yabo ne.

Kuma wa zai ƙi yabon Injiniya Manniru? Bai taɓa riƙe sukurdireba ba, takardu yake sa wa hannu a wata ma'aikata, amma ya ce tunaninsa na injiniyoyi ne, shi ke nan suna ya kama. Lokacin kuɗi na yawo a Abuja, kowane ƙaramin oga sai an tura shi bita ƙasar waje. Wasu suka dawo da ilimi. Shi ya dawo da firij.

Ɗan ƙarami ne, bai wuce gwiwa ba, amma a goshinsa akwai lamba ja mai nuna sanyin cikinsa. A falo aka girke shi, inda wasu ke rataye hoton iyaye. Baƙo ba ya samun ruwa sai ya sha lacca.

"Matsalar ƙasar nan," in ji shi, yana shafa kan firij, "rashin daidaito. Ku duba nan. Huɗu. Ba uku ba, ba biyar ba. Da haka ake riƙe gwamnati, da mun wuce Turai."

Sirrin kuwa mai sauƙi ne: ba a buɗewa. Buɗewa na shigar da zafi, abinci na tayar da lamba. Don haka babu komai a ciki sai sanyi. In aka ɗauke wuta, janareto na firij ne shi kaɗai, mutanen gida kuwa da mafici. 'Yan unguwa suka sa wa Injiniya suna Digiri Huɗu. Ya ji, ya ce ashe har yanzu akwai masu gane mutum.

Bayan na gama sakandare na zauna wurinsu, daidai da haihuwar Ameer. Hutun haihuwa ya ƙare, ofis suka ce wa Anti ko ta koma aiki ko a ba wani kujerarta. Likita ta ce ta riƙa tatsar nono tana sawa a firij, a ba yaro da rana. Ga firij a falo. Rijiya ta bayar, saura guga.

"Abban Ameer, kwalba biyu ce fa kawai."

"Madam, abu mai ɗumi? Kin san inda lambar za ta kai? Bakwai! A gidana!"

Ta gwada sau ɗaya a ɓoye. Ya dawo ya tarar da shida. Ya tara mu ya yi jawabi kan zagon ƙasa, kwalaben na kan tebur suna sauraro har suka yi tsami. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Injiniya ya tura mu tsakar gida da shi, wai numfashin jama'a na ɗumama falo. Washegari ya sa wa firij kwaɗo.

Sai maƙwabciyarmu Christina, mai tsohon firij da ake ɗaure ƙofarsa da roba, ta leƙo ta katanga. "Kawo shi, Maman Ameer. Namu ba shi da lamba, amma ya san aikinsa." Nonon ɗan Injiniya ya koma kwana tsakanin kifi da ƙullin zoɓo, kowace safiya ana miƙo shi ta katanga, unguwa na kallo. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Injiniya cewa ya yi wannan shi ake kira raba aiki.

Anti ta riƙe kujerarta. Katangar ce ta gaji da ita. Ranar wata Asabar ta goya Ameer, ta kira mota, ta koma gidan yayanta a Gwagwalada, inda firij ke buɗuwa. Har yau dattawa na kai da kawo.

Da na zo kwashe kayana, na same shi zaune gaban firij, lambar na haska masa fuska. Ya san ni ake tambaya ranar haihuwa da ranar rasuwar kowa a danginmu. Ya gyara murya.

"Kauthar, ke ce mai riƙe tarihin gidan nan. In kin zo kan labarina, alfarma ɗaya nake nema. Ki faɗa musu, tun ranar da na sa kwaɗon nan, duk rikicin da aka yi, bai ƙara wuce huɗu ba."

To, Kawu Manniru, ga shi na faɗa.